Yoyon memori a direban kanel, da dalilin da ya sa "kashe ka kunna" ba gyara ba ne

Ƴan uwanmu masu shugul ɗin shabaka (wato netwok) da kyamarorin tsaro a otal-otal ɗin Aziziyya da Misfala, da masu kula da sabobin kamfani a Jidda, kusan kowa ya taɓa cin karo da na'ura irin wannan: ranar da aka kunna ta garau take, satin farko lafiya lau, sati na biyu ta fara jan ƙafa, kafin wata ya cika sai ta sandare ko ta dinga kashe manhajoji da kanta ba gaira ba dalili. Mudir ya bugo waya a fusace, ya muhandis shabaka ta tsaya, a je a zare wuta a mayar, ta dawo daidai, kowa ya ce kalas. To ba kalas ba ne fa, matsalar tana nan, daga farko kawai ta sake somawa. Ba kullum ba, amma sau da yawa abin da ke faruwa shi ne wani direba (kod ɗin da ke sarrafa wani sashen na'ura) a can cikin kanel (zuciyar tsarin da ke tafiyar da na'urar, kamar Linux), na katin shabaka ne ko na USB ko na kyamara, yana karɓar memori ba ya mayarwa, kaɗan-kaɗan har RAM ɗin ya ƙare.

Abin da ya sa wannan ya fi yoyon manhaja muni shi ne, in birauza ce ko wata manhajar lissafi ta ci memori ta ƙi saki, da zarar ka rufe ta kanel zai bi sawu ya kwashe duk abin da ya ba ta ko ta so ko ta ƙi, dan yana da lissafin kowane shafi da ke hannunta. Shi kuwa direba a cikin kanel ɗin yake zaune, da sunan kanel yake karɓa. In ya kira kmalloc, wato kiran neman memori a kanel, ya karɓi baiti 512 babu wani na sama da shi da zai zo daga baya ya tambaye shi ina kayan. Ko ka sauke direban da rmmod, abin da ya ɓata ya ɓata kenan sai an sake kunna na'urar. Kuma a Linux ba a tura irin wannan memorin swap, wato wurin ajiyar wucin gadi a kan diski, yana nan daram a cikin RAM yana tare wuri.

Ka ɗauka amara ce ta alhazai mai ɗaki ɗari. Mai gadi ya ba wani makulli ya rubuta a littafi ɗaki na 40 an kama, mutumin ya gama Umararsa ya hau jirgi da makullin a aljihu, ba wanda ya goge rubutun. Ɗakin ba kowa a ciki amma ba mai iya ba da shi. In ana haka kullum, wata rana za a wayi gari littafi ya ce amara ta cika maƙil alhali rabinta fayau take. Shi kuma kanel in ya ga wuri ya ƙare sai ya tayar da OOM killer, wanda aikinsa ya duba manhajar da ta fi cin wuri ya kashe ta, wato a kori alhajin da ya biya kuɗinsa yana kwance a ɗakinsa, ɗakunan da aka tafi da makullansu kuma suna nan a kulle. Shi ya sa za ka buɗe dmesg, inda kanel ke rubuta saƙonninsa, ka ga an kashe manhajar ɗaukar bidiyo ko ta rumbun bayanai, ka ɓata lokaci kana zarginta, ita kuwa ba ruwanta.

Ba duk yoyo ne ɗaya ba, kuma wannan yana da kyau mutum ya sa a ransa kafin ya tayar da hankalin mutane. Direban da ke zubar da baiti 64 sau ɗaya lokacin da na'ura ke tashi, eh kuskure ne, a gyara, amma ba shi zai kayar da saba ba ko shekara goma ta yi a kunne. Wanda ke zubarwa duk lokacin da wani abu ya maimaitu shi ne masifa. Mu yi lissafi na misali: baiti 256 a kan kowane fakitin da ya zo a lalace, kuma ana samun 100 a daƙiƙa, baiti 25,600 kenan a daƙiƙa, sama da gigabait 2 a yini. Rauta mai RAM megabait 256 ba za ta kai awa uku ba. Wannan ne ya sa na'urar da ta yi Rajab da Sha'aban lafiya sai ta fara faɗuwa a goman ƙarshe na Ramadan ko a kwanakin Hajji lokacin da zahma ta cika otal kowa ya hau wayfai da jawwal biyu-biyu yana kiran gida ta bidiyo. Yoyon yana nan tun da can, mutane ne suka ƙaru.

To a ina yake ɓuya? Mafi yawa ba a kan hanyar da komai ke tafiya daidai ba, dan ita ce mai rubuta direban ya gwada sau ba adadi. A hanyar faɗuwa yake, inda wani abu ya ƙi yi a tsakiya. Duba wannan:

buf = kmalloc(len, GFP_KERNEL);
if (!buf)
    return -ENOMEM;

ret = kunna_naura(dev);
if (ret)
    return ret;

Layin farko an karɓi memori, an ma duba ko an samu, madalla. Sai aka zo kunna na'ura ta ƙi, aka fice da return kai tsaye, adireshin da ke cikin buf ya tafi da fitar, ba wanda ya kira kfree, mai mayar da memorin, kuma ba wanda zai iya kira har abada tunda ba wanda ya san inda wurin yake. A teburin mai rubutawa na'urar ba ta taɓa ƙin kunnuwa ba, dan haka wannan layin bai taɓa gudana ba ko sau ɗaya. Sai ta zo nan ta sha zafin Makka a cikin akwatin da mukayyif ɗinsa ya mutu, ko kebul ya saki, sannan layin ya fara aiki.

Maganin da mutanen Linux suka saba da shi zai ba wanda ya fito daga jami'a mamaki, dan an koya mana tun wasiƙar masanin kwamfuta Dijkstra ta 1968 cewa goto, wato tsallakawa kai tsaye zuwa wani layi, abin gudu ne. A kanel kuwa babi na 7 na ƙa'idar rubutun kod ɗinsu shi ya ce a yi amfani da shi wajen fita ta ƙofa ɗaya. Maimakon return ret sai ka rubuta goto err_free_buf, a can ƙasa ka jera alamomin, kowace tana warware abu ɗaya, kuma a juye: abin da aka karɓa a ƙarshe shi ake fara mayarwa. In probe ɗinka, wato ɓangaren direban da kanel ke kira dan ya tayar da na'ura, ya karɓi memori, ya kunna agogo, ya nemi IRQ (layin da na'ura ke jawo hankalin kanel da shi), to a ƙasa sai a saki IRQ, a kashe agogo, sannan a saki memori. Kuma a ba alamar suna mai faɗin abin da take yi, ba err1 err2 ba, dan ran da wani ya zo ya cusa sabon abu a tsakiya lambobin nan su ne ke fara rikicewa. Akwai kuma wani tarko a nan, -EPROBE_DEFER. Direba yakan ce wa kanel abin da nake jira bai tashi ba tukuna, dawo anjima, kanel kuma ya sake kiransa, wani lokacin sau da yawa. In hanyar nan tana yoyo to kowane dawowa da nasa kason.

Sai kuma nau'in da ya fi wahalar gani, wanda babu ma kmalloc a kusa. Abubuwa da yawa a kanel ƙidayar masu riƙe da su ake yi: ka karɓa lamba ta hau ɗaya, ka saki ta sauka ɗaya, in ta kai sifili sai a share abin. In ka karɓa ba ka saki ba lambar ba za ta taɓa kai sifili ba. Masu aiki da allunan ARM sun san for_each_child_of_node, wanda ke zagaya bishiyar na'urori yana riƙe kowane reshe ya saki na baya da kansa, amma in ka fice a tsakiya da break ko return to reshen da kake kai yana hannunka, sai ka kira of_node_put. An yi faci, wato gyaran kod, ba iyaka a kan wannan abu ɗaya tak. Haka request_firmware yana son release_firmware, usb_alloc_urb yana son usb_free_urb, dma_alloc_coherent yana son dma_free_coherent. Ga kuma na krealloc da kowa ke faɗawa: ka rubuta p = krealloc(p, ...), in ya kasa sai ya dawo da NULL, tsohon wurin yana nan ba a sake shi ba, kai kuma ka goge adireshinsa da hannunka.

Wajen bincike ni dai shawarata kar a fara da manyan kayan aiki. Buɗe /proc/meminfo ka duba layin SUnreclaim, wato memorin da kanel ke riƙe da shi ba ya iya saki ko an matsu, ka rubuta lambar, ka dawo bayan awa biyu ko gobe. In manhajoji ba su ƙara kumbura ba amma shi yana ta hawa ba ya sauka, to a cikin kanel matsalar take. Kar kuma ka ruɗe da ganin "free" ya yi ƙasa, Linux da gangan yake cika RAM da ajiyar fayiloli kuma yana saki in an buƙata, MemAvailable za ka duba. Daga nan sai slabtop ya nuna maka wane rukuni ke girma, kmalloc-256 ne ko skbuff_head_cache, wanda in shi ne to ka nufi ɓangaren shabaka.

In kana da ikon haɗa kanel da kanka sai ka kunna CONFIG_DEBUG_KMEMLEAK. Kmemleak ya shiga Linux a 2.6.31 a 2009, aikin Catalin Marinas ne na kamfanin ARM. Yadda yake yi shi ne yana rubuta duk abin da aka raba tare da wanda ya karɓa, sannan duk minti 10 ya bi memori yana neman ko akwai inda aka ajiye adireshin kowane ɗaya. Wanda ya ga ba mai nuni gare shi ko'ina sai ya kawo rahoto. Ba ya sakin komai, faɗa maka kawai yake yi. Ba sai ka jira mintin goman ba: ka tura clear cikin /sys/kernel/debug/kmemleak dan a share tsoffin rahotanni, ka loda direban ka sauke shi sau da yawa, ko ka zare na'urar USB ɗin ka mayar ka zare ka mayar, ka tura scan, ka ɗan jira ka sake turawa dan ba ya kawo abin da bai kai daƙiƙa 5 da rabawa ba, sannan ka karanta fayil ɗin. Za ka ga "unreferenced object" da girmansa da baiti 32 na farkon abin da ke ciki, a ƙasa kuma jerin kiraye-kirayen da suka kai ga rabawar. Wannan jerin shi ne abin nema. Sai dai ka lura, inda aka karɓa yake nuna maka, ba inda ya kamata a saki ba, wannan kai za ka nemo da karatu.

Kuma kmemleak yana kuskure ta fuska biyu. Wani lokacin ya yi ƙarar abin da ba yoyo ba ne, dan direban ya ajiye adireshin a wata siga da bai gane ba, misali ya miƙa shi ga na'urar. Wani lokacin kuma ya yi shiru a kan yoyo na gaske. Direban da ke ta ƙara abubuwa a wani jeri ba ya taɓa cirewa, a wajen kmemleak lafiya lau ne tunda adireshin yana nan, RAM kuwa yana ƙarewa. Irin wannan sai /proc/allocinfo, da ya zo a 6.10 a 2024, wanda ke nuna fayil da layi da yawan abin da kowane ya karɓa yake riƙe da shi har yanzu. Tunda kuma mun ce a hanyar faɗuwa abin yake, to dole ka sa abubuwa su faɗi da gangan, akwai failslab da ke sa kmalloc ya dinga ƙi jefi-jefi dan layukan nan da ba su taɓa gudana ba su gudana. Syzbot na Google yana gwada kanel dare da rana da kiraye-kirayen hauka yana kawo rahoton yoyo, Smatch na Dan Carpenter da Coccinelle na Julia Lawall kuma kod ɗin suke karantawa ba tare da sun kunna shi ba. Kar dai ka bar kmemleak a kunne a sabar da otal ke aiki da ita, yana da nauyi.

Masu Windows ba su tsira ba. Task Manager yana nuna non-paged pool a shafin memori, in ka ga ya kai gigabait da yawa to direba ne. A can kowane rabo ana liƙa masa alama mai harafi 4, da ExAllocatePoolWithTag a da, yanzu ExAllocatePool2 tun Windows 10 sigar 2004, sai PoolMon ya nuna alamar da ke kumbura ka nemo ta a cikin fayilolin .sys. Driver Verifier kuma in direba ya sauka bai mayar da komai ba sai ya kayar da kwamfutar da shuɗin allo mai lamba 0xC4, da gangan, dan ka gani.

Yanzu ga inda ni nake ganin gizo ke saƙar. Gano yoyo rabin aiki ne, kuma gyaran ba wai ka jefa kfree a inda ka ga dama ba ne. Tambaya ɗaya ce kafin ka taɓa komai: a wannan layin, memorin nan na waye? In har yanzu naka ne ka saki. In ka riga ka miƙa shi ga wani ɓangare to ba naka ba ne, ka saki kuma shi ma ya saki, an saki sau biyu kenan, ko ka saki shi kuma yana kan amfani da shi. Yoyo a hankali yake kashe na'ura, wannan kuwa nan take yake ɓata bayanan wani, kuma irin ƙofar da masu kutse ke nema ce su zama root, mai cikakken iko a kan na'urar. Wallahi gara a bar yoyon da a yi masa irin wannan gyaran.

Misali na kusa: device_register ya kasa. Hankali zai ce maka ka kira kfree a kan abin da ka raba. A'a, bayanin da ke kansa ya faɗa ƙarara, put_device ake kira ko da ya kasa, shi ne zai sauke ƙidaya ya kira release ya kuma saki sunan da aka riga aka raba wa na'urar. Ka yi kfree kaɗai sunan ya yoyo, ka yi duka biyun ka saki sau biyu. Haka a direban shabaka, in aka miƙo maka fakiti ka aika, in ka dawo da NETDEV_TX_OK to ya zama naka ko da jefar da shi za ka yi, kai za ka saki, in kuwa ka dawo da NETDEV_TX_BUSY to kar ka kuskura ka taɓa shi dan kanel zai sake miƙo shi. Layi ɗaya ne tsakanin daidai da ɓarna, kuma babu yadda za ka sani sai ka buɗe kod ɗin abin da ka kira ka karanta har ƙasa. Bayan ka gyara ka gwada da KASAN a kunne, wanda ya shigo a 4.0 a 2015, shi ba ya ganin yoyo amma yana kama sakin sau biyu da amfani bayan saki, wato daidai ɓarnar da gyaranka zai iya jawowa.

Mutane da yawa suna gudu zuwa devm_kzalloc da ƴan uwansa, tsarin da Tejun Heo ya kawo a 2007, inda kanel ke sakin komai da kansa in probe ya faɗi ko aka raba direba da na'urarsa. Abu ne mai kyau kuma ya kashe yoyo mai yawan gaske, amma ba a zuba shi ko'ina. In ka kira shi a wurin da ke maimaituwa, kamar duk buɗe fayil, zai ta taruwa har ranar da aka cire na'urar, kmemleak kuma ba zai ce uffan ba. In kuma wata manhaja tana riƙe da fayil ɗin na'urar a buɗe aka zare ta, devm ya riga ya saki, manhajar ta taɓa wurin da ba na kowa ba. Sababbin kanel tun 6.5 a 2023 suna da __free(kfree) daga aikin Peter Zijlstra, ka rubuta shi a gefen sunan sai a saki da kansa duk ta inda ka fita, in kuma miƙawa za ka yi sai ka yi amfani da no_free_ptr. Rust ma ya shiga tun 6.1 a Disambar 2022, shi kuma a cikin harshen kansa aka gina tambayar nan ta na waye. Sai dai galibin na'urorin da ke hannunmu tsofaffin kanel ne ke kansu, dan haka goto bai tafi ko'ina ba.

In facin naka na direban da ke cikin Linux ne ka tura, kar ka ajiye a kwamfutarka kawai. Ka wuce da shi ta checkpatch.pl, get_maintainer.pl ya faɗa maka wa za ka aika wa, ka sa layin Fixes: mai nuna canjin da ya kawo matsalar dan a san tsofaffin sigogin da za a kai gyaran, da Signed-off-by. Ka bayyana ta wace hanya yoyon ke faruwa da yadda ka gano da ko ka gwada a na'ura ta gaske. Masu kula suna sa ido sosai a kan irin waɗannan ƙananan facin, balle tun Afrilun 2021 da Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin manyan masu kula da Linux, ya dakatar da Jami'ar Minnesota ta Amurka bayan wasu masu bincike a can sun tura faci masu kama da gyara alhali da ɓaraka a ciki. In suka dawo maka da tambaya mai zafi ba raini ba ne, ka amsa kawai.

Saura wanda ya fi yawa a wajenmu: akwatin kyamara ko rautar da aka sayo a Shara Falasɗin ko kamfani ya kawo da kwangila, direban a rufe yake ba kod ba komai. A nan ba abin da za ka gyara da hannunka. Abin da za ka iya shi ne ka tara hujja, lambar SUnreclaim na kwanaki a jere, abin da slabtop ya nuna, sakamakon uname -r, da abin da in an yi shi lambar ke tsalle, ka tura wa wakilin kamfanin ka nemi sabon famwaya, wato manhajar da ke cikin na'urar. Kafin su amsa, in za su amsa, ka saita na'urar ta dinga sake tashi da kanta a lokacin da baƙi suka tafi Harami, ka kuma rubuta wa mudir a takarda cewa wannan riƙon ƙwarya ne, da ranar da za a sake duba lambar.